Shekara Bakwai Bayan Yaya Bello Mai Wayarin

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Bello a Gummi. Mai wayarin ne. A unguwarmu, in wutar gida ta ɗauke alhali ta maƙwabta na nan, ƙofarsa ake bugawa.

Gidanmu ya fi ba shi wahala. Inna na sayar da ƙanƙara da zoɓo, firjinta kuma tsoho. Da an jona dutsen guga tare da shi, sai fis ya ƙone. Wata rana na gaji, na cusa waya mai kauri a gurbinsa. Wuta ta zauna, na ɗauki kaina gwani. Da Yaya ya buɗe akwatin fis ɗin, bai yi faɗa ba, ya zare wayar ya miƙo mini.

"Lawali, fis ɗin ga ƙonewa ce aikinai. In ka hana mai, ɗakin Inna ka ƙonewa."

Ranar na yarda ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Sai dai abin da ya hana ni, shi ya ci shi a gidan wani. An kira shi Bukkuyum, gidan da aka janyo wata wayar ta bayan katanga, ba a gaya masa ba. Ya cire fis, ya ɗauka layin ya mutu, ya sa hannu. Kafin la'asar aka kawo mana gawarsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin yau. Wuta takan yi watanni ba ta leƙo ba, masu gyaran turakun lantarki kuma suna tsoron hanya. Ranar da ta zo, da hauka take zuwa. Haka ta kashe firjin Inna bara. Yanzu gero take zubawa a ciki saboda ɓera. Masu hali sun sa sola, mu mun koma ruwan randa.

Mutum uku Yaya ya koya wa sana'a, duk sun tafi ramukan zinariya wajen Anka. Na gamu da ɗayansu, Sahabi, na ce ya jefar da gadon maigidansa. Ya karkaɗe ƙasar rigarsa ya ce, "To mi za mu gyara, Malam?"

Abin da ya rage na Yaya shi ne aikin hannunsa, kwance lafiya lau cikin bangayen gidajen mutane, yana jiran wutar da ban ƙara sa ran zuwanta ba. Allah Ya haskaka kabarinsa.