Kwamfutar Kwali

Jiya na yaga kwalin sabulu, ƙamshinsa ya mayar da ni ajinmu a Kiru. Kwamfuta ɗaya gare mu, tana lulluɓe da zane don babu lantarki. Malaminmu, wani dattijo, ya zana wa kowa maɓallanta a kan kwali, kuma ba mai taɓa nasa sai ya wanke hannu.

Na ce, "Malam, ai kwali ne."

Ya ce, "Ɗana, kada lantarki ya zo ya tarar da yatsunka suna barci."

Ya rasu kafin a jawo waya makarantar. Yanzu ni kaɗai nake dannawa a ofis, babu mai tsayawa bayana, amma har yau sai na wanke hannu. Allah ya haskaka kabarinsa.