Dubiyar Mawaƙin Tango a Birmingham

Mun tashi da asuba daga Whalley Range, unguwarmu a Manchester, muna idar da salla, ni da maiɗakina da tsohon da ke zaune a ƙasan benenmu. Mutumin Ajantina ne, maƙwabcinmu tun muna ɗalibai, kuma ya yi mana alherin da ba ya lissafuwa. A ƙuruciyarsa makaɗin tango ne, kiɗan rawar ƙasarsu. Abin kiɗansa ɗan akwati ne mai zugazugi kamar na maƙera, suna ce masa bandoniyon.

Mawaƙin da ya yi wa kiɗa shekara da shekaru ne ba shi da lafiya a Birmingham. An yi masa aiki a maƙogwaro, murya ta tafi, sai ya aiko cewa kada kowa ya je. Tsohon namu ya bi umarni, ya zauna yana ramewa, yana tsoron kada mutuwa ta riga gayyata zuwa. Maiɗakina ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda ake raba goron gayyatar dubiya ba. Ta dafa farfesun kaza ta cika kula, ni kuma aka ba ni aikin tuƙi.

Babbar hanyar tana nan yadda kuka san ta: yayyafi, manyan motoci, da gyaran titin da ba ya ƙarewa. Mun tsaya shan shayi a hanya, da na ji kuɗin sai da na leƙa kofin ko da nama a ciki. A nan tsohon ya buɗe baki. Ya ce mawaƙan tango na da yawancinsu 'ya'yan talakawa ne daga unguwannin bakin tashar jirgin ruwa. Daga gidajen shayi suke farawa, mai rabo ya kai gidan rediyo. Da samari suka koma wa wani kiɗan, manyan ƙungiyoyi suka watse, shi da mawaƙin suka yo Turai da kwat ɗaya ɗaya. Shi ya ƙare a gyaran fiyano, abokin a kicin ɗin wani gidan abinci, amma duk ƙarshen mako sai sun haɗu sun yi wasa.

Da hantsi muka shiga Balsall Heath, unguwar mawaƙin a Birmingham, ƙamshin kori da shagunan halal ko'ina. 'Yar mawaƙin ce ta buɗe ƙofa, ta tsare mu da ido. Ta ce babanta ba ya ganin kowa, kuma me ya hana mu bugo waya? Kunya ta rufe ni, har na fara laluben mukullin mota. Maiɗakina kuwa ko a jikinta. Ta jero gaisuwa, ya mai jiki, ya gida, ya hidima, tana miƙa kula. 'Yar mawaƙin ta buɗe, yaji ya bugi hancinta, ta ce mutumin da ruwa ma da ƙyar yake haɗiya ina shi ina wannan.

“To ke ki ci,” in ji maiɗakina. “Tun da aka sallamo shi, wa ya dafa miki?”

Idon 'yar mawaƙin ya cicciko, ta matsa ta ba mu hanya.

Mawaƙin yana zaune a bakin taga. Da ya ga abokinsa sai ya kawar da kai. Tsohon ya jawo kujera. Ya zauna, ya shimfiɗa ƙyalle a gwiwa, ya ɗora akwatin ya fara ja. Sai ya yi kiɗa kaɗan ya sassauta, ya ɗan jira, sannan ya ci gaba. Na zaci tsufa ne ya sa yake mantuwa. Can na lura kafaɗun mawaƙin yake kallo. Ashe mutumin ya soma waƙar, leɓe na motsi, ƙirji na ɗagawa, sauti ne kawai babu. Duk inda ya ja numfashi, nan kiɗa yake jiransa. Ban san kalma ko ɗaya a waƙar ba, amma wallahi sai da na share hawaye.

A hanyar dawowa na tambayi tsohon yadda aka yi. Ya ce, “Makaɗin tango ba murya yake bi ba, numfashin mawaƙi yake bi. Numfashinsa kuwa yana nan.”

Mun iso Manchester dab da magariba. Abin da na koya shi ne, zaman ƙasar nan ya fara sa ni ɗaukar jiran izini a matsayin ladabi, alhali wata ƙofar tana so a ƙwanƙwasa ne. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da matar da ba ta koyi wannan ɗabi'ar ba tukuna.

Muna fitar da kaya na ga babu akwatin kiɗan. Na ce wa tsohon ya yi mantuwa. Ya ce bai manta ba, a gefen gadon abokinsa ya ajiye shi, don kada a sake ce masa kar ya zo.