Shida da Bakwai

Har yau in na ji warin maka, baƙar nan da ake rubutu a kwali da ita, sai kumatuna su kama ƙaiƙayi. Bari in faɗa muku wautar da na tafka ina ɗan shekara goma sha ɗaya: na zane fuskata da makar da ba ta goguwa, ni a zatona ta allo ce.

A lokacin ina zuwa wata ƙaramar makarantar 'ya'yan baƙi a Ma'adi, nan Masar. Daga gidanmu a unguwar Arba wa Nus sai ka hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ka sauka, ka kama jirgin metro, kafin ka isa har furfura ta fito maka. Malamarmu ta tarihi 'yar Texas ce. Ta rarraba mana ƙabilun ƙasarsu na asali, kowa ya zo ya yi bayani a gaban aji. Ni aka miƙo wa Jumano, sunan da na ɗauka na maganin tari ne.

Na zauna da takardar da ta ba ni. Ashe fatake ne, suna yawo tsakanin Texas da arewacin Meziko da fatun ɓauna da baka da kibiya, su ne masu kai kaya da labari daga wannan ƙabila zuwa waccan. Turawan Sifen da suka gan su sun rubuta cewa fuskokinsu na da zane layi-layi. Sannu a hankali sai sunansu ya daina fitowa a takardu. Wasu sun shige cikin Apache, wasu cikin mutanen Meziko. Harshensu ma har yau masana na gardama a kai, jikokinsu kuma na tsintar abin da ya rage.

Wannan abu ya hana ni sakat. Ta yaya mutane za su ɓace alhali jikokinsu na nan suna cin abinci? Na tashi, na zauna, na sake tashi. Ina ɗaga kai sai ga Kaka a bakin taga tana tsince wake, hasken la'asar na bin zanen kumatunta.

Ban taɓa tambayarta zanen nan ba. Ni na ɗauka haka ake haihuwar kakanni. Tun da muka baro Sudan ba ta fita sai ta ja mayafi har hanci, saboda yaran layinmu sun taɓa bin ta suna kukan mage, wai zanen nata gashin bakin mage ne. Baba kuma ya ji ɗalibai a masallaci na cewa aikin jahilci ne, sai maganar ta mutu a gidan. Ita kaɗai ta san ma'anarsa, ga tari yana cin ta kullum.

Ranar bayani da safe na shige banɗaki na kwaikwayi nata da maka: layi shida a dama, shida a hagu, tsaf. Ina fitowa kofin shayi ya suɓuce wa Mama. Ta dirje ni da sabulu, da lemon tsami, da man girki, har na ji ƙashin fuskata na neman fitowa. Ko gezau. Tana dirza tana raɗa min cewa in Kaka ta gani za ta ce ni ma na shiga sahun masu kukan mage, kuma ba za ta ƙara kallona ba.

Sai ga muryar Kaka daga ɗaki, wai a turo mata maigidanta, sunan da take kirana ke nan. Na shiga. Ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, leɓenta na motsi, tana ƙirge.

"Maigida, wanzamin nan naka makaho ne," in ji ta. "Namu shida ne nan, bakwai nan. Ka fita a haka, wa zai san gidanku?"

Ta karɓi makar ta ja na bakwai da hannunta. Daga nan bakinta ya buɗe. Na lallaɓa na danna ɗaukar murya a wayar Mama. Ta ce kakanta ya taso daga Gobir da ƙafa da jakuna biyu, zai je Makka, yana saye yana sayarwa a hanya. Ya tsaya noma a Sudan na damina ɗaya, daminar da har ya mutu ba ta ƙare ba. A wannan hanya, in ji ta, in yaro ya ɓace fuskarsa ake dubawa a mayar da shi wurin mutanensa. Ita ce ta ƙarshe da aka yi wa a danginmu.

Na ba ta labarin Jumano, ina ƙarawa da gishiri. Ba ta yi dariya ba.

"Su nasu layi nawa ne?"

Na duba takardar gaba da baya. Na ce ba a rubuta ba.

Ta dubi waken da ke tire. Can ta ce, "Yalla, tashi, ka makara." Ta raka ni har tashar mikrobas, mayafinta a kafaɗa, fuskarta a buɗe. Yara suka zuba mana ido, mage biyu a jere. Ko waiwaye ba ta yi ba.

A aji na yi minti ɗaya a kan Jumano, sauran duk a kan Gobir, malama ta ba ni makin da ya fi ƙanƙanta a rayuwata. Zanen ya yi kwana tara kafin ya fita. Kaka ta rasu bara, a nan Masar aka binne ta, kuma a gidanmu yanzu ba mai zane ko ɗaya. Muryar da na ɗauka minti huɗu ce, rabinta faɗa take min in daina motsi. Na tura wa duk wani ɗan uwa da nake da lambarsa. Mutum uku suka buɗe.