Baba Kefas, Mai Askin Baƙi a Jushi

Ƙarfe bakwai na safe Baba Kefas yake buɗe shagonsa, a wani lungu na Jushi bayan layin teloli. Kafin ya taɓa komai sai ya ɗora ruwa a risho, ya tsoma almakasai da matajin ƙarfe, ya bar su su tafasa. Ya goge madubi da tsohuwar jarida, ya kakkaɓe kujera, sannan ya zauna bakin ƙofa ya karanta Zabura guda. Babu rediyo a shagon, babu hotunan 'yan ƙwallo a bango. In ka zauna a kujerar nan, ƙarar almakashi kawai za ka ji, da numfashin dattijon a bayan kunnenka. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan na Nuwamba 2009 zai rufe shagon, domin yanar ido ta cinye masa ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani da shi. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani game da shi tun yana iya jin an karanta masa.

Ni Eric ne, ma'aikacin ɗakin gwajin ƙasar noma a Samaru. A 2002 aka kawo mana wani masani daga Siri Lanka, Dakta Perera, siriri, mai sanyin murya. Wata biyu da zuwansa ya fara sa hular hana-salla, a ofis, a coci, har wurin cin abinci. Wata rana muna mu biyu ya tura ƙofa, ya cire hular. Na so in yi dariya, amma da na ga idonsa sai na haɗiye. Kan nan tudu da kwari, kamar kunyoyin gona. Shago uku ya shiga a Samaru. Masu askinmu gwanaye ne a kan gashinmu, amma nasa mai santsi ne, kwanciya yake, kilifa, injin askin nan, sai ta yi ta zamewa tana gutsura. Na ƙarshen cewa ya yi gara a yi masa ƙwalkwabo a huta.

“Malam Eric,” ya ce da ni cikin Turanci, “in na duba madubi ba na gane kaina. Abinci na saba da shi, zafi ma na saba. Wannan ne ya gagare ni.”

Winifred, wata nas da muke coci ɗaya, ita ta kwatanta mini shagon. Ta ce tun Baba Kefas yana saurayi a ƙauyensu wajen Zonkwa wani Fada Bature ya koya masa aski da almakashi, kuma Indiyawa da Larabawan garin nan duk can suke zuwa. Ran Alhamis muka hau bas zuwa Kwangila, muka ƙarasa a acaɓa.

Baba Kefas bai ɗauki almakashi nan da nan ba. Ya rufe ido, ya sa yatsu cikin gashin, yana bi a hankali daga goshi zuwa ƙeya. Ya daɗe har na fara jin nauyi. Can ya ce, “Malam Eric, tambaye shi. Wanda ya saba yi masa aski a gida bahago ne, ko?”

Na fassara. Dakta ya ɗago ya kalle shi ta madubi, ya gyaɗa kai.

“Ba kuma mai shago ba ne. Na gida ne. A tsaye yake yi masa, ta bayansa, tun yana yaro.”

Mahaifin Dakta ne. Ya rasu sati biyar bayan zuwan ɗansa Najeriya, Dakta bai samu zuwa jana'iza ba, kuma ban da ni ba wanda ya gaya wa a garin nan. Daga baya na tambayi Baba Kefas yadda aka yi ya sani. Ya ce gashi yana bin hannun da ya saba da shi, kwanciyarsa ce take nunawa. Wataƙila haka ne. Amma ni na ga abin da ya biyo baya: ya mayar da almakashin hannun hagu, shi da ba bahago ba, ya yi askin nan gaba ɗaya da shi. Da ya gama ya fitar da tsaga ta gefen dama, Dakta ya kalli madubi, ya rufe fuska da tawul yana kuka. Hular nan a kan benci ya manta da ita.

Kai ne, Baba, wanda baƙo yake shigowa wurinsa a takure, ya fita da fuskar da uwarsa ta sani. Likitocin Masar, malaman Indiya, 'yan Filifin masu gyaran injuna, ba ka jin yarensu, su ma Hausarsu ba ta wuce sannu ba, amma ba wanda ya taɓa tashi daga kujerarka yana neman hula.

Daga nan Alhamis ta farkon kowane wata, ƙarfe goma, ta zama ta Dakta. Shekara huɗu bai taɓa saɓawa ba.

A ƙarshen watan Yuli na 2006 ya faɗi a gonar gwaji, jini ya fashe masa a ka. Aka yi masa aiki a asibitin da Winifred take, aka aske rabin kansa don a samu wurin yanka. Ya kwana shida bai farfaɗo ba. Muka buga wa matarsa waya, ta taso da 'yarsu mai shekara tara, wadda rabonta da ubanta tun tana biyar. Suna hanya tsakanin Kano da Zariya ya cika, da safiyar Alhamis ta farkon wata. Ban gaya wa Baba Kefas ko da rashin lafiyar ba. Hankalina bai kai can ba, shi kuma ba shi da waya.

Abin da ya faru a Jushi, daga bakin Omolara na ji, telar da shagonta yake manne da nasa. Ta ce wajen ƙarfe goma tana kan keke, rana fes, ta ji muryarsa ta bango yana cewa, “Sannu da zuwa, Dakta. Zauna mana.” Sai shiru. Ta ce shirun ne ya sa ta tashi ta leƙa. Ta same shi tsaye da tawul a hannu, yana kallon madubi, kujera ba kowa, ƙofa ba kowa.

“Baba, da wa kake magana?”

“Maman yara, kin ga wani ya shigo?”

“Ko kaza ba ta wuce ba.”

“To a madubi na gan shi, tsaye a bakin ƙofa. Rabin kansa a aske.” Ya naɗe almakashi da mataji a tawul, ya ce, “Ki duba mini shago. Ana nemana.”

Ƙarfe sha ɗaya da rabi ina zaune a gindin wata darbejiya gaban mutuware, na rasa yadda zan tari matar nan da yarinya, sai na ɗaga kai na gan shi yana tahowa da ƙunshin tawul a hammata. Bai tambaye ni me ya faru ba. Cewa kawai ya yi, “Ina yake?”

Mai kula da wurin ya so ya aske sauran gashin duka, kan ya daidaita. Baba Kefas ya ce a'a, yarinya ba za ta zo daga wata duniya ta tarar da wanda ba ta sani ba. Winifred ta nemo izini, ita ta shiga da shi. Ni dai ban iya ba, na tsaya a baranda.

Ta ce ɗakin sanyi ƙalau, fitila ɗaya. Ya gaida gawar kamar yadda yake gaida mai rai. Ya jiƙa gashin da ya rage, ya taje shi, ya sauya tsagar ya kwantar da dogon gashin a kan ɗinkin har ya rufe shi, yana saisayewa kaɗan-kaɗan da hannun hagu. Da ya gama gefe ɗaya, ya ce a hankali, irin yadda ya saba, “Dakta, ɗan juya mini.” Winifred ta ce ta miƙa hannu za ta juya kan, kafin ta taɓa shi sai kan ya karkata da kansa, ya kwanta ta ɗaya gefen. Shekararta ashirin tana aikin asibiti, ta san gawa takan motsa in katakon da aka tallafe ta da shi ya goce. Ta duba katakon, yana nan daram. Ta dafa bango. Baba Kefas kuwa ya ce, “Na gode,” ya ci gaba da aikinsa.

Da yamma aka kawo matar mutuware. Yarinyar ta ƙi shiga, ta ƙanƙame rigar uwarta. Da ƙyar ta leƙa ta gefen hannunta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta saki rigar, ta tako da kanta, ta shafa gashin. Uwar ta gaya mini abin da ta faɗa da yarensu: “Shi ne. Kamar a hoton da ke ɗakinmu.”

Abin bai zo wa Baba Kefas da sauƙi ba. Labari ya bazu a Sabon Gari cewa yana yi wa gawa aski. Ya ware wancan almakashin dabam, ya nuna wa kowa, amma mutane da yawa suka ɗauke ƙafa. Omolara ta ce akwai satin da mutum uku kacal suka zauna a kujerarsa. Wani ya zo har ƙofa ya ce masa maye. Bai rama ba, bai kuma daina ba. Winifred ta lissafa mini baƙi bakwai da ya gyara tun daga lokacin: wani ɗan Ghana makanike, wata tsohuwa 'yar Labanan, wani ɗalibi daga Kamaru da ba a samu danginsa ba sai bayan wata biyu. Wasu aiko masa aka yi. Biyu daga ciki, in ji ta, ba wanda ya aika.

Kai ne mai shiga ɗakin da mu masu ƙaramar zuciya muke tsayawa a barandarsa. Na gode maka, Baba, a madadin Dakta, da matarsa, da yarinyar nan, da waɗanda ba su da bakin godiya. Ubangiji ya ba ka hutu mai daɗi a gida, ya haskaka maka abin da ya rage na gani.

Ku kuma masu shagunan aski na Samaru da Sabon Gari, sauran kwana goma sha biyu. Ku je Jushi ku tsaya a bayansa ku ga yadda yake riƙe kan mutum. Ba sai mai aski kaɗai ba: kowa a cikinmu akwai baƙo kusa da shi da yake fama da wani abu ƙarami da yake jin kunyar faɗa. A tambaye shi.

Jiya na je ya yi mini askina na ƙarshe. Yana cikin yi na ce, “Baba, ranar nan ba ka ji tsoro ba?”

Almakashin ya tsaya. Ya ce, “Na ji mana, ɗana. Har yanzu ina ji. Amma mutum ya taso tun daga can ya zo wurina, ranarsa ce, lokacinsa ne. In ce masa me? Ya dawo gobe?”

Ya dafa kaina ya sunkuyar da shi, ya ci gaba da gyara mini ƙeya.