Hannun Kyaftin

Yayana mai aski ne, kuma tun kafin furfura ta fito masa mutanen layinmu suka manta da sunansa na yanka, sai Kyaftin. Ni ƙanwarsa ce, shagon ɗinkina na manne da nasa, katako ne kawai ya raba mu. Idan ya kunna kilifar aski ina ji, idan na taka keke yana ji. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba.

Laƙabin ya samo asali ne daga wani tsohon fim na jirgin da ke yawo tsakanin taurari, irin wanda ake yi kashi bayan kashi har 'yan wasan su tsufa a idon mutum. Yaya ya fara ganinsa yana saurayi a gidan kallo, ya kamu, bai kuma warke ba. Ni dai ban taɓa gane daɗinsa ba. Mutane ne cikin matsattsun kaya suna ta danna maɓallai masu walƙiya, ga wani kuku mai ido uku da ko ruwan zafi ba zan karɓa daga hannunsa ba. Amma akwai abu ɗaya da shugaban jirgin, wato kyaftin ɗin, yake yi. Duk wanda zai sauka a wata duniyar da ba a sani ba, sai ya dafa kafaɗarsa da hannun hagu ya ce, "Ka dawo da ƙafarka." Wannan Yaya ya ɗauka ya mayar nasa. Idan ya gama aski, ya kakkaɓe wuyan mutum da burushi, ya shafa hoda, sai ya dafa shi ya faɗi haka. Tsofaffi su yi murmushi, yara su yi ta murna kamar an ba su lambar yabo.

Da shagon nan ya raini 'ya'yansa bayan rasuwar matarsa. Kujera ɗaya ce mai juyawa, sai benci, sai madubin da ya tsage a kusurwa, sai hoton jirgin a bango wanda rana ta cinye har ya koma ruwan toka. Autansa a ƙarƙashin bencin nan ya yi rarrafe. Da aka ga yaron yana da hannun zane, Yaya ne ya riƙa sayo masa fensir, yana liƙa zanensa kusa da hoton jirgin, yana takura wa duk wanda ya zauna sai ya yaba.

Auta ya girma, gemu ya cika masa fuska, ya haɗu da wasu abokansa suka kama ɗaki a saman wani shagon waya suna yin katun na barkwanci suna sawa a intanet. Na kalli kaɗan don kada a ce Gwaggo ba ta goyon baya. Abin da na lura shi ne, duk ranar da dabara ta ƙare musu, sai su koma kan tsohon fim ɗin nan. Ba su kaɗai ba, duk masu irin sana'ar haka suke. Wannan ya sa akuya a kujerar shugaban jirgi, wancan ya sa kukun mai ido uku yana neman tabarau. Wanda ko minti ɗaya bai taɓa kalla ba ya san dafa kafaɗar nan, yana gani zai yi dariya don ya nuna shi ma ya gane. Abu ɗaya ake ta ɗumamawa kamar kwantan miya, har ya fara tsami. Na yi tsaki na ajiye wayar, na ɗauka iyakar abin ke nan.

A wannan tsakanin ne hannun daman Yaya ya fara rawa. Ni na fara ganewa, don idona ya yi rauni, shi nake miƙa wa allura ta saman katako ya zura mini zare. Wata rana da hantsi na ga zaren yana ta kewaya kafar allurar ya ƙi shiga. Ya dube ni, na dube shi. Ban bar shi ya sha ruwa ba sai da na tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ba shi magani, ya ce ciwon ba ya tafiya, amma ana lallaɓa shi, zai iya aikinsa na wani lokaci idan ya bi a hankali.

A hanyar dawowa Yaya ya ce, "Ki rufa mini asiri. Ko yaran kada su ji. Wa zai miƙa wuyansa ga mai aski da hannunsa ke karkarwa?"

Sai ya samo dabara daga abin da ya saba. Maimakon ya jira ƙarshen aski, da ya zo gyaran gemu ko ƙeya da aska sai ya dafa kafaɗar mutum da hagu, ya jingina tsintsiyar hannun dama a kan na hagun, ya ja layinsa tsaf. Masu zuwa suka ɗauka son fim ne ya ƙaru. "Kyaftin, yau tun ba a gama ba ake sallamarmu?" Ya yi dariya ya ce shugaban jirgi ba ya sakin mutanensa. Bai taɓa yankar kowa ba, ko ƙwarzane. Ina jin sa ta bayan katako yana sauke numfashi duk lokacin da mutum ya tashi daga kujerar.

Ana haka Auta ya zo da waya ya ce zai ɗauki Baba yana aiki don tarihi. Yaya har da canza riga.

Ba a daɗe ba wata mai kawo mini ɗinki ta miƙo mini wayarta tana dariya har da hawaye. "Wannan ba yayanki ba ne?" Shi ne, a sabon katun ɗin su Auta. Ga jirgin taurari, ga shugabansa da fuskar Yaya, da hularsa, da gibin haƙorinsa, har da madubin nan mai tsaga a kusurwa. An mayar da shi mai askin jirgi. Yana dafa kafaɗar wata halitta, hannun damansa yana kaɗawa kamar reshe a iska, askar tana fille kunnuwa ɗaya bayan ɗaya, kunnuwan suna shawagi a cikin jirgi. A ƙarshe ya dubi halittar ya yi mata sallamar nan tasa, ita kuma tana tattara kunnuwanta a cikin hula. Na mayar mata da wayarta, na ture atamfar da ta kawo gefe.

Katun ɗin ya zagaya gari fiye da duk abin da suka taɓa yi. Samari suka riƙa cika ƙofar shagon, ba don aski ba, sai don su ɗaga waya su ce, "Kyaftin, ɗan riƙe askar mu gani." Wannan bai dame ni ba kamar na tsofaffin masu zuwa. Mutumin da shekara da shekaru yake lumshe ido a kujerar nan har ya yi gyangyaɗi, yanzu sai ka ga ya kafe hannun Yaya da ido ta cikin madubi. Wani ya ce a bar gemun, zai gyara a gida. Wani direba ya kawo ɗansa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya tuna wai yana da uzuri. Kilifar da nake ji tun safe ta koma sai jefi-jefi. Yaya kuwa ba shi da aiki sai share ƙasan da babu gashi a kai.

Na rufe shagona na hau benen su Auta. Ɗakin na warin takalmi da ragowar abinci, wayoyin wuta ko'ina kamar saƙar gizo. Auta ya taso da fara'arsa.

"Gwaggo! Kin ga yadda Baba ya yi suna?"

"Na ga yadda ka tsiraita shi. Wa ya ce maka hannunsa na rawa?"

"Ai ba sai an faɗa mini ba. Zo ki gani."

Ya zaunar da ni gaban kwamfuta. Ashe haka suke aikinsu: su ɗauki bidiyon mutum, su tsayar da shi, su bi motsinsa hoto bayan hoto suna zanawa a kai. Ya buɗe bidiyon da ya ce na tarihi ne, ya matso da hannun ubansa har ya cika allon, ya riƙa tafiyar da shi sannu a hankali. Ga yatsun suna karkarwa. Ga hannun hagun yana zuwa ya tallafe su.

"Kin gani? Haka yake yi. Ni gishiri kawai na ƙara."

Abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Da a ce bai sani ba ne, da na ce wauta ce. Amma ya zauna ya ƙura wa hannun nan ido kwana da kwanaki, ya san rawarsa fiye da likita. Hannun da ya feƙe masa fensir. Bai sauko ya ce Baba me ke damunka ba. Abin da ya gani kawai shi ne za a yi dariya.

"Gwaggo, wasa ne fa. Kowa na aron fim ɗin nan. Kuma hannun Baba lafiyarsa lau, ɗan tsufa ne kawai. Mutane ne ba su san raha ba."

"To tunda lafiyarsa lau, gobe ka zo ka zauna ya gyara maka gemun nan da aska, a gaban jama'a. Su ga ɗansa ya miƙa wuya."

Idonsa ya yi haske. Ya juya ya ce wa wani abokinsa wannan ma abin ɗauka ne. Na sauko ina tofar da yawu.

Washegari da la'asar ya zo, abokin na biye da shi da waya a sama. Mutane suka taru har bakin shagona, da samarin da tsofaffin. Na ga direban nan a baya yana leƙe. Yaya ya sha maganinsa a kan lokaci, na tabbatar da haka. Ya kakkaɓe kujerar da tawul, ya ɗaura wa ɗansa ƙyalle a wuya, ya shafa masa kumfa a nitse. Fuskarsa ta saki, rabon da in ga haka tun kafin katun ɗin. Na san abin da yake tunani: idan aka ga wannan, benci zai sake cika.

Ya sa sabuwar reza a askar. Ya dafa kafaɗar Auta da hagu, ya jingina damansa a kai, ya ɗaga haɓar yaron da ɗan yatsa. Hannun ya tsaya cak, ko motsi. Askar na dab da maƙogwaro sai Auta ya zabura, ya janye wuyansa baya har ƙeyarsa ta bugi kujera, hannunsa ya fito daga ƙarƙashin ƙyallen ya kama na ubansa.

Kowa a shagon ya gani. Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Auta ya saki hannun da sauri, yana cewa, "Sanyin kumfar ne, Baba, ci gaba, wallahi ci gaba."

Yaya ya tsaya yana kallonsa ta cikin madubi. Sannan ya ninke askar ya ajiye. Ya ɗauki tawul ya goge kumfar daga fuskar ɗansa tas, har bayan kunne, kamar yadda yake yi masa yana ƙarami. Ya kwance ƙyallen ya kakkaɓe. Auta ya miƙe ya ɗan tsaya, kafaɗarsa a karkace wajen uban, yana jiran abin da kowa ke samu kafin ya fita. Yaya ya zuba hannayensa biyu a aljihu.

Abokin ya tambaya ko a sake ɗauka, wai hasken bai yi kyau ba.

Da jama'a suka watse, na ji Yaya yana naɗe wayar kilifa. Ya miƙo mini ita ta saman katako tare da almakashinsa, ya ce almakashin zai yi mini amfani a yankan zare. Tun daga ranar nake taka kekena, babu abin da ke amsa mini daga ɗaya gefen.