Ɗan Akuyan da Ba Ya Tsayawa a Turke

A 'Yargoje, bayan sallar isha'i, wurin Kaka muke taruwa. Takan tura kara cikin murhu, ta miƙe ƙafafu, mu kewaye ta. Ni nesa da wuta nake zama, don tsoron tartsatsi ya faɗa wa zanena. Ƙanena Habu kuwa ba ya zama. Yanzu yana bakin ƙofa, an jima yana tsokanar garwashi da tsinke.

"Maigidana, cinnaka ne a wandonka?" in ji Kaka. Sai ta tura masa ƙwaryar gyaɗa ya ɓare, ta ce, "To, ga tawa ta iso, ku buɗe kunne."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta wani manomi da ɗan akuyarsa da ba ya tsayawa a turke. Ya doke shi, ya rage igiya. Ɗan akuya ya fizge, manomi ya ƙara ragewa, har wuyansa ya yi gyambo, ya daina cin ciyawa. Wata tsohuwa mai tallar nono ta ce masa, "Kada ka kwance shi, kada ka shaƙe shi. Ƙara igiya." Ya ƙara. Ɗan akuya ya yi ta zagaye yana kiwo, har ya yi ƙiba.

Na ce, "Kaka, to laifin wa ne?"

"Ke dai ba ki barci sai kin samo mai laifi! Haka Allah ya yi shi, ɗiyan nan."

Ban gamsu ba.

Na yi aure a Ƙanƙara, na haifi Musa. Malaminsa ya ce ba ya zama a benci, kuma kafin a gama tambaya ya amsa. In na aike shi sayen gishiri, sai in tarar da shi wurin masu gyaran babur, ya manta. Na yi duka, na yi kuka, an sha rubutu. Kullum ina tuhumar kaina: ko na yi sakaci da addu'a ina goyonsa? Ko tarbiyya ce ban iya ba?

Mahaifinsa ya ce in kai shi asibiti a Katsina. Likitar ta daɗe tana yi mana tambayoyi. Daga baya ta ce lalura ce ta ƙwaƙwalwa, mai hana tsayar da hankali wuri ɗaya, da sa yawan motsi. Suna kiranta ADHD, kuma takan bi jini. Akwai magani, akwai dabaru: aiki gajere, umarni ɗaya bayan ɗaya, a bar shi ya motsa.

"Likita, ba ni na jawo masa ba?"

"Ba ke ba ce, Hajiya."

Na sake tambaya, ta yi murmushi ta maimaita. Nan na tuna Habu, na gane waɗanda Kaka take wa tatsuniyar. Ba mu yara ba ne, iyayenmu ne da ke saurare ta bayan zana.

A motar dawowa Musa ya yi ta mutsu-mutsu, yana taka ƙafar wani dattijo. Dattijon ya ce, "Baiwar Allah, yaron nan ba ya ji ne?"

Da can sai in ranƙwashe shi don kunya. Ranar nan na jawo shi kusa da taga.

"Yana ji, Baba. Ka yi haƙuri, lalura ce. Daga asibiti muke."