Waldar da Aka Yi wa Bulon Shaton Ruwa

Muna sallame sallar asuba muka bar Damagaram, ni da abokin aikina, a wata taksi da sai da igiya ƙofarta ke rufuwa. Matameye muka nufa, daga can wani ƙauye wajen Tsauni, don duba shaton ruwa, wato tankin nan na bisa, da ni na zana ƙafafunsa. Duk bulon, wato ƙusa mai noti, da ke haɗe ƙarafansa na inoks ne, wanda ba ya tsatsa. Sai da muka sa samfurinsu a inji aka ja har suka tsinke kafin na yarda da su.

A tashar Matameye muka karya da ƙosai da koko, mai shayi na ta zuba mana siyasa ba wanda ya tambaye shi. Daga nan sai kabu-kabu cikin yashi, rabin hanyar mu muka tura babur ɗin.

Ina hawa tsanin shaton raina ya ɓaci. An bi kowane bulon an ɗana masa walda da sandar baƙin ƙarfe! Tsatsa ta zubo ja kamar manja, biyu har sun tsage. A ƙasa kuwa mata ne jere da bidon na ɗiban ruwa, tanki cike a bisa kansu. Nan take na sauko.

"Wa ya yi wannan ɓarna?"

Malam Isa mai walda ya matso. "Ni ne, Injiniya. Bara ɓarayi sun kwance shida don suna ƙyalli. Kai kana Damagaram. Mu yi ƙaƙa?"

Na ce masa wuta ta kashe ƙarfinsu. Na sa aka juye tankin, aka rufe famfo sai an kawo sababbi. Wata tsohuwa ta ɗauki bidonta ba ko ɗigo, ta dube ni.

"Ɗana, rijiyar da nisa fa."

Ban janye ba, don gara nisa da tanki ya faɗo kanta.

Da la'asar muka iso gida, fushin bai huce ba, sai dai ya dawo kaina. Na lissafa nauyin ruwa, na lissafa iska, ban taɓa tambayar mutanen ƙauyen abin da suke tsoro ba. Akwai bulon da ba ya kwantuwa da kile ɗin kasuwa, wato sifana. Layi ɗaya ne a zanena ban rubuta ba, kuma tsohuwar nan ce za ta taka shi da ƙafarta zuwa rijiya.